Haruffa Biyu

Haladu bai zauna ba, ko da Lubna ta turo masa kujera. Malamin dabbobi ne a Babura, kuma ba ya takowa Kazaure sai da babban dalili.

"Malama, shafin nan da kika haɗa wa ƙungiya na kai rahoton cutar dabbobi, wa yake karɓa, wa yake kora?"

"Ba ya korar kowa, sai adireshin imel na bogi," in ji ta. Ta juyo masa da kwamfuta, ta nuna wani layin umarnin kwamfuta mai cike da baka da ɗigo da alamomi. Ita ta tsara shi da hannunta. Duk adireshin da bai dace da siffarsa ba, ƙofa a rufe.

Haladu ya miƙa mata wayarsa. "Wani likitan dabbobi ne a tsallaken iyaka, a Nijar. Tun makon jiya yake gwadawa, ana ce masa adireshinsa ba daidai ba ne. Sai yau da safe ya samu lambata."

Lubna ta karanta adireshin, ta sake karantawa. Ya ƙare da .ne, alamar adireshin Nijar. Layinta kuwa .com da .org da .ng kaɗai ya sani. Lokacin da ta rubuta shi, masu saƙon shirme take tunani, Nijar ba ta faɗo mata a rai ba.

"Me yake son faɗa?"

"Shanu na faɗuwa a can, jini ta hanci, ta baki. Ciwon saifa yake zargi, mai kama har mutum in ya ci naman. Kafin a killace garken, mai shi ya kora ragowar ya tsallako da su, zai kai kasuwar Babura."

Ta ƙara haruffa biyu a layin. Gyaran bai fi ƙiftawar ido ba.

"To, a tare su kafin ranar kasuwa."

Haladu ya sunkuyar da kai. "Kasuwa ta ci jiya, Malama. An watse, mahauta sun saye su."

Wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce daga Roni, murya cike da fara'a.

"Lubna, in kin tashi ki biyo ta gida. Kawu ya samo nama mai arha wajen mahautan da suka dawo daga kasuwar Babura, har maƙwabta na raba wa. Ƙanwarki Tasalla ma ta ɗora tukunya."