Inna a Gaban Taswirar Ambaliya

Bakinsa ne ya ja masa. A taron ofis, mai taswira ya bugi ƙirji ya ce manhajar da ya haɗa, mai nuna hasashen yanayi na shekaru masu zuwa, ko mahaifiyarsa za ta iya aiki da ita. Shugabar sashe kuwa ba a yi mata cika baki. Ta ce, "To, kawo ta."

Ƙa'idar gwaji ɗaya ce: wanda ya ƙera abu yana zama a bayan gilashi, ya gani, ya ji, amma ba ya cewa uffan.

Inna ta zo da sabon mayafi, ta zauna gaban kwamfuta kamar mai jiran likita. Ma'aikaciyar da ke gudanar da gwajin ta ce, "Mama, duba mana ko ambaliya za ta ƙaru a unguwarku." Tambayar ta taɓa ta, don bara ruwa ya shiga ɗakinta har ya lalata katifa.

Ta danna nan, layuka masu launi suka watsu, kowanne da nasa hasashen. Ta danna can, aka tambaye ta wane mizanin hayaƙin masana'antu take so. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Ɗan nata kuwa, Allah ya shirye shi, kunyar yadda ta riƙe linzamin kwamfuta da hannu biyu yake ji.

Can ta ɗago da murmushi. "Na gane sarai. Aiki ya yi kyau." Sai ta rage murya, ba ta san ana jin ta a bayan gilashi ba. "'Yar nan, kada ki rubuta masa laifi. Idona ne ba ya gani. Yaron ya sha wahala a kan abin nan."

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Yanzu kam kunyar kansa ce, kuma ta fi ta ɗazu ciwo.

A hanyar mayar da ita gida a mota, suka tsaya a danja.

"Yanzu da ba kowa, faɗa mini," in ji Inna. "In sa a ɗaga daɓen ɗakin, ko in bari?"

"Inna, ai ya danganta da..." Ya haɗiye sauran.

Ta jira shi har danja ta ba da hannu. Sannan ta gyara mayafinta, ta ce a hankali, "Ba komai. Zan tambayi magini."