Murhu Nawa Ne a Gidan Malam Dabo

Shekarar da aka yi ƙidayar gidaje a ƙasar Wudil, malamin hukumar En'e daga Kano ya iso zauren Malam Dabo da hantsi. Bayan doguwar gaisuwa ya shiga tambaya: ɗakuna nawa, nawa ne soro, nawa ne na ciyawa, da itace ake girki ko da kara. Isyaku, babban ɗan gidan, yana amsawa ba gargada. Malam Dabo kuwa, tsohon da idonsa ya daɗe da mutuwa, yana jingine yana jan carbi.

"To, murhu nawa ake hurawa a gidan nan?" in ji malamin.

Tun kaka Isyaku da ƙanensa Auta suka raba tukunya saboda rigimar gona, matar kowa na dafa nata a kusurwarta. Sun yi alkawari tsohon ba zai ji ba, don abin da yake tinƙaho da shi a gari ke nan: gidansa gandu ɗaya, tukunya ɗaya. Isyaku ya dubi Auta, Auta ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsa.

"Ɗaya ne, Malam," in ji Isyaku.

Carbin ya tsaya.

"Rubuta biyu, Malam," in ji tsohon. "Ido na rasa, ba hanci ba. Tun kaka hayaƙi ke zuwar mini ta gabas da yamma." Ya juya fuska wajen 'ya'yansa. "Jira nake ɗayanku ya faɗa mini da bakinsa. Ashe sai baƙo ya zo daga Kano."