Kwano Ɗaya da Surukata

Tun da na auri Tiyamike na tare a gidansu, kamar yadda ake yi a nan ƙauyen Chembe na bakin tafki, ban taɓa kallon fuskar uwarta ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba. In muka yi kiciɓis a hanya, ni ne mai ratsewa cikin ciyawa. Magana sai ta bakin wani. Cin abinci tare kuwa haramun ne tsakanin mace da surukinta. Mijin babbar 'yarta shaida ne, don ranar da za ta sallame shi ce kaɗai suka ci kwano ɗaya, washegari ya naɗe tabarmarsa.

Kunya ake kiran abin, amma tsakanina da surukata Nachisale ƙiyayya ce ta sami wurin fakewa. Laifina a wurinta, ni ɗan arewacin ƙasar nan ne, ba ɗan ƙabilarsu ba, kuma ba na riƙe fartanya. Aikina ɗaukar baƙi 'yan yawon buɗe ido a kayak, ɗan siririn jirgin roba, in kai su tsibirai mu kwana a tanti mu dawo. Ita kuwa namijin da bai huɗe mata gonar masara ba, ciki ne kawai aka ƙara mata a gida.

Wata safiya Tiyamike ta ja ni bayan ɗaki, idonta jawur.

"Mama za ta wurin kawu. Maganarka za ta kai masa."

Na gane. Kawun nan shi ne mai yanke hukunci a danginsu. In ya ce in tafi, zan tafi ni da takalmina kawai, matata da 'yata Ulemu su zauna, domin a nan 'ya'ya na dangin uwa ne. Ƙauyensa yana bayan duwatsu, hanyar ƙafa ta fi ƙarfin gwiwar tsohuwa, jirgin inji kuma ya lalace.

"To wa zai kai ta?"

Tiyamike ta sunkuyar da kai. "Ta ce a tambayi mai kwanon roba."

Wato ni zan tuƙa ta zuwa inda za a yanka ni. Na amince, ina tunanin in ta ga aikina da idonta ko zuciyarta ta yi sanyi. Na ɗauko jirgi mai kujera biyu, na cusa tanti da bargo a ramin baya, ɗan rishon gas da tukunya da ƙullin taliya a ramin gaba, komai cikin jakar da ruwa ba ya shiga.

A bakin tafki aka fara, da na miƙa mata rigar kumfa mai hana nutsewa. Babu yaron da zai isar mana da magana, sai ta juya ta dubi jirgin.

"Kai jirgi, gaya wa mai kai ba zan sa wannan rigar kumfa ba. Na yi masa kama da Baturiya?"

Ni ma na dubi jirgin. "Jirgi, gaya wa su Mama ruwa bai san babba ba. Ƙunshin garin nan nasu ma a ba ni in sa a jaka."

"Gaya masa garin gonata ne. Wanda bai san zafin noma shi ba, kada ya taɓa."

Ta zauna a gaba, ƙunshin a cinyarta, ni a baya ina kallon ƙeyarta. Rigar dai ta sa da ƙyar, a karkace, don ba ni da ikon matsawa in ɗaure mata. Na miƙa mata filafili, ta ɗora shi a kan ƙunshin kamar sandar kiwo. Ni kaɗai na ja mu, kuma Nachisale ba ƙaramar mace ba ce.

Da rana ta karkata sai iskar mwera ta taso daga kudu. Duk wanda ya girma a tafkin nan ya san iskar nan ba ta shawara da kowa. Ruwa ya yi baƙi, igiyar ruwa ta fara dukan hancin jirgi, ta uku ta haye ta zube a cinyar tsohuwa.

"Garina! Jirgi, ka ce masa da gangan ya yi!"

"Jirgi, ka ce wa su Mama su daina motsi, in ba so suke mu je mu gai da kifi ba."

"Ji mara kunya! Ni yake wa baƙar magana?"

Na karkata mu zuwa wani lungun yashi tsakanin duwatsu. Nan za a kwana, ko ana so ko ba a so. Na ja jirgin can sama inda igiya ba ta kaiwa, na kife shi, na ɗaure a gindin bishiya. Na kafa mata tanti a bayan wani dutse, ƙofar tana juya wa iska baya, na shimfiɗa bargo. Duk tana tsaye tana tsaki, tana matse zani.

Da na kunna rishon sai ta kwashe da dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Jirgi, wannan fitila ce ko murhu? A kan wannan yake ciyar da 'yata?"

"A kai nake dafa wa baƙi, kuma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa."

"Baƙi! Masu cin ganye kamar awaki."

Taliyar ƙulli ɗaya ce, ta mutum biyu in an yi haƙuri. Na dafa ta da tumatir da albasa, na juye mata duka, ban rage wa kaina ko cokali ba. Na ajiye kwanon a kan dutse na koma nesa na juya baya, don ta ci a sake. Can na ji ƙarar kwano a kan yashi. Da na waiga, guza biyu ne suke rabon abincina.

"Jirgi, gaya masa ba na cin tsutsa."

Wallahi a lokacin na tsane ta har cikin ɓargona. Na tuna masu cewa kunyar mara kunya asara ce, na buɗe baki zan amayar mata da duk abin da na haɗiye tun shigata gidanta. Sai fuskar Ulemu ta faɗo mini, yadda take hawa kafaɗata tana cewa in yi mata jirgi. Na rufe bakina. Na je can ƙarshen yashi na kwanta a jikin jirgin, ba bargo, cikina yana kuka, kafaɗuna kamar an daka.

Ƙamshi ne ya tashe ni da sassafe. Iska ta kwanta, tafki ya yi lumui. Tsohuwa ta jera duwatsu uku, ta hura wuta da busassun itatuwan da ruwa ya kawo, ta ɗora tukunyata. Ashe bayan garin ne kawai ya jiƙe ya yi ɓawo, tsakiyarsa lafiya lau. Ta fere reshe ta yi muciya, ta tuƙa tuwo fari tas, ga ƙananan kifin usipa da ta ɓoye a haɓar zani suna tafasa da ragowar tumatir ɗina.

Na tashi zan koma bayan dutse, sai na ji muryarta, a tausashe.

"Vitumbiko."

Na tsaya cik. Ban ma san ta iya faɗin sunana daidai ba.

"Zo mana. Ka wahala jiya, ga sanyi ka kwana a ciki. Zo ka zauna."

Yunwa da gajiya da murna suka taru suka rufe mini ido. Na ce a raina shi ke nan, ta ga yadda na fid da mu daga iska, ta ga na bar mata tanti da bargo, zuciyarta ta sauko. Na wanke hannu a tafki, na durƙusa gabanta. Kwano ɗaya ne a tsakaninmu. Na yanko loma, na dangwala, na kai baki. Daɗinta ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Sai da na haɗiye na ɗaga kai, na ga fuskarta karo na farko. Tana da ɗan gibi irin na Ulemu. Ta sa hannu a kwanon ta yanko tata lomar, tana kallona ido cikin ido, ko ƙiftawa babu. A nan na tuna mijin babbar 'yarta da tabarmarsa.

Hannuna ya tsaya a kan tuwon.

"Mama..."

"Ci mana, Vitumbiko," in ji ta. "Baƙo ba ya jin kunyar tuwo. Ci ka ƙoshi, da sauran tuƙi a gabanka."

Na kasa ƙara loma, ita ta cinye sauran har da suɗe kwano. Na naɗe tanti, na kwance jirgi, na mai da kaya ramukansu. Rigar kumfar ma da kanta ta matso ta ce in ɗaure mata da kyau, tunda yanzu babu abin da ya hana.

Da za mu tashi, ta shiga kujerar gaba ta zauna a juye, bayanta ga ƙauyen kawu, fuskarta gare ni. Haka na tuƙa ta har muka isa, tana kallona.