Kore a Gaban Sunan Baba

Malamar ce da kanta ta sa wa mutanen layinsu manhajar ceto a waya. Idan ambaliya ta zo, wanda ya tsira sai ya danna kore, masu kwalekwalen ceto kuwa gidajen da suka rage ja kawai suke bi. Baba, mahaifinta, ba ya riƙe waya, ya ce kunnensa ya yi ritaya tuni, don haka ta sa sunansa ƙarƙashin nata.

Ruwan ya zo da hantsi tana aji. Ta kwashe ɗalibai zuwa saman bene, sannan ta kira ƙanenta direba.

"Kun fito?"

"Mun fito, Yaya, mota ta cika maƙil."

Ta danna kore a kan gidansu gaba ɗaya, ta koma kan yara.

Sai la'asar motar ta iso makarantar. Matar ƙanen ta sauko da yara da keken ɗinki. Ƙanen ya leƙa bayan yayarsa.

"Ina Baba?"

"Ba yana motarka ba?"

"Babu wuri. Na sauke su a tudu zan koma in ɗauko shi, sai na ga kore a sunansa. Na ɗauka kin aika an kawo shi."

Mai kwalekwale ya ce sau biyu ya wuce ƙofar gidan. Washegari aka sami gawar Baba a zaure, da takalma a ƙafa, ledar magungunansa ɗaure a hannu.

Bayan jana'iza ta buɗe manhajar don ta gyara. Launi biyu ne kawai a ciki, ja da kore.