Fenti a Kan Tsatsa

A bugu na uku tsohon boljoyin ya saki, ya faɗo ƙasa tim. Direba ya zaro kansa daga ƙarƙashin motar, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ɗaga ƙarfen sama kamar wanda aka cire wa haƙorin da ya daɗe yana damunsa.

"Injiniya, duba nan. Wannan ɗan dunƙulallen kan shi ke riƙe da ƙafar mota. Kin ga yadda yake lilo? Da na sake hawa hanyar dutse da shi, sai dai ki ji labari."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Auta, matarsa.

Shi kaɗai ke ce mata Injiniya, don shekara goma sha biyu tana miƙa masa sifana, har ta san lambobinsu da ido. Tun hantsi motar ke ɗage a ƙofar gida, jak a gefe ɗaya, guntayen katako a ɗayan. Gobe da safe zai ɗauki buhunan albasa, da mata takwas 'yan kasuwa da ke zama a kan kayan.

"Miƙo min sabon. A shagon Yayanki na saya, in ya ba ni kunya ke zan kama."

Ta buɗe kwalin farko ta miƙa masa, ya koma ciki yana 'yar waƙarsa. Ta ɗauki na biyun tana jujjuyawa. Yana ƙyalli, robar bakinsa baƙa wuluk. Da ta sauya hannu sai ta ga babban yatsanta ya yi fari-fari. Ta kankara da farce. Fentin ya ɓare, a ƙarƙashinsa tsatsa ce ja, da wani tabo na guduma.



Ta san wannan fentin. A bayan gidan Yaya akwai rumfar kwano da ba a barin baƙo ya leƙa. Ta taɓa shiga neman tsintsiya, ta tarar da baho cike da fetur, tsofaffin ƙarafa a jiƙe, ga buroshin waya, ga gwangwanayen fenti, ga sababbin kwalaye a jere har rufi. Ranar Yaya dariya ya yi, ya ce, "Auta, kowa haka yake yi a layinmu." Ba ta gaya wa kowa ba. Da wannan shagon ake saya wa Inna maganin hawan jini, da shi aka yi mata kayan ɗaki. Ta gaya wa kanta ƙarfe ne kawai, bai taɓa zuwa mata a rai cewa wata rana zai biyo ta har gida ba.

"Injiniya, lamba goma sha tara!"

Ta miƙa. Ba ta faɗa masa abin da ta gani ba. In ta faɗa, tambayar farko da zai yi ita ce yaya aka yi ta sani.

* * *

Sai da ya koma ɗaya gefen ta sulale ta shiga ɗaki, ta turo ƙofa, ta kira Yaya. Sau biyu bai ɗauka ba. A na uku ta ji hayaniyar kasuwa.

"Yaya, me ka sayar wa maigidana?"

"Maigidanki? Ni ban ma gan shi ba."

"Jiya ya je. Boljoyin biyu, a jan kwali."

Sai ta ji ya ja numfashi.

"Innalillahi. Ba na nan, mai tsaron shago ne ya ba shi. Ya ɗaura?"

"Yana kan na biyu."

"Kada ki bari ya tayar da motar nan. Kin ji ni? Ko ƙofar layi kada ya kai. Ga ni nan."

Ta fito ta tarar ya mayar da taya yana ɗaure notuna. Makullin motar na rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ta zare shi ta cusa a ƙugun zaninta.

Ya sauke jak, motar ta zauna a kan ƙafafunta. Ya goge hannu da tsumma yana murmushi.

"Bari in zaga da ita zuwa gada in ji lafiyarta. Ina makulli?"

"Ka ci abinci tukuna."

"Minti goma ne."

"Zai huce fa."

Ya duba ƙusa, ya laluba aljihu, ya ɗaga tabarma. Ita kuwa kunnenta na bakin layi, duk babur da ya wuce sai ta waiga. Ƙarfen makullin na sukar cikinta.

Can ya daina nema, ya tsaya yana kallonta.

"Auta. Me ke faruwa?"

Rabon da ya kira ta da wannan sunan har ta manta. Ta ɗaga masa yatsan da fenti ya ɓata.

* * *

Yaya ya iso a guje, ko babur ɗin bai kashe ba ya diro da farin kwali a hannu.

"Suruki, sannu da aiki! Kuskure aka yi, ba na motarka ba ne aka ba ka. Ga naka nan, 'yan asali."

Direba bai karɓi gaisuwar ba. Ya durƙusa, ya sa hannu ta bayan taya, ya karta da bakin sifana, ya fito da shi ya kalla.

"Na motar wa ne, Yaya?"

"Ai ka gane... akwai na gida, akwai na kasuwa."

"Ni ma a kasuwa na saya."

"Mutane ne ba sa son mai kyau. Ka kawo na gaske su ce ya yi tsada su wuce maƙwabcinka. Kuma yawanci yana kai wata shida lafiya lau."

"Dogo direba a wajenka yake sayen kaya," in ji Direba a hankali. "Bara ƙafar motarsa ta lanƙwashe a gangara. Ni na ɗauko gawarsa. Kai ma ka zo gaisuwa."

"Wannan ƙaddara ce, suruki. Wa ya san abin da ya karye?"

Direba ya sake ɗage motar, ya kwance duk aikin da ya yi tun safe. Yaya ya nannaɗe hannun riga ya kama masa, yana ta surutu kan kyawun sababbin. Auta na tsaye da sifana a hannu, amma mijinta bai nemi ko ɗaya daga gare ta ba, da kansa yake miƙa hannu ya ɗauka.

Bayan la'asar Yaya ya yi sallama ya tafi. Da ta zo tattara kaya, ta ga babu masu fentin, babu kuma tsofaffin biyu da aka cire da safe. Sai shatin giris a kan kwalin da aka ajiye su.

Direba ya ga inda take kallo.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara uku."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo tafin hannu, ta zaro makullin ta sa masa. Ya tayar da motar ya fita, bai ce ta buɗe masa ƙofa in ya dawo ba.

* * *

Washegari ya tafi da albasarsa da matan nan takwas 'yan kasuwa, ya bugo waya da azahar ya ce sun sauka lafiya, ya kashe.

Ranar ce ranar kai Inna asibiti. Auta ta riƙo hannun tsohuwar suka tsaya a bakin titi. Bas ta farko ta tsaya, kwandasta na buga ƙofa yana cewa akwai wuri biyu. Auta ta kalli ƙafar motar ta gaba, ta girgiza kai. Ta biyu ma haka. Ta uku makil take da 'yan makaranta, wata yarinya ta manna goshi a gilashi tana yi musu gwalo.

"Ke wai me kike jira?" in ji Inna. "Ƙafafuna sun gaji, kuma likita ba zai jira mu ba."

Da ta huɗu ta tsaya, Auta ta tallafa mata suka shiga. Wurin da ya rage daidai saman taya ne. Ta zaunar da Inna ta ciki, ita ta zauna a kai, ta dafa ƙarfen kujerar gaba da hannu biyu.