Akwati da Rijiya ta Goma Sha Tara

Tun ranar da Mai Akwati ya fara aiki a ofishin gwajin ruwa, 'Yar Lissafi ba ta yarda da shi ba. Mutum ne mai yawan murmushi, ita kuwa ba ta son murmushin da ba ta san dalilinsa ba. Shekara shida tana aikinta: a kawo mata sakamakon gwajin rijiyoyi, ta zuba a littafin aikinta na kwamfuta, mai gida-gida, kowane gida da umarninsa, ta danna wannan ta danna wancan, rahoto ya fito. Ba wanda ya taɓa ce mata uffan. Sai ga wannan bawan Allah da sabon salo, wai kafin rahoto ya fita sai an jefa littafin cikin akwati. Akwatin nan ba na katako ba ne. Wata kwamfuta ce a rufe cikin kwamfuta, ba ta san kowa ba, ba ta tuna komai, ita kaɗai take bin littafin daga gidan farko har na ƙarshe.

Ranar Talata Shugaba ya kira ta, ya tura mata takarda biyu.

"Rahotonki ya ce rijiya arba'in, duk lafiya lau. Na akwati ya ce ta goma sha tara akwai dalma a ruwanta, ninki biyar na abin da aka yarda da shi. Wanne zan sa wa hannu?"

"Nawa mana, ranka ya daɗe."

"Kafin a tashi nake son amsa."

Ta fito ranta a ɓace. Ta goma sha tara fa! Ita ce rijiyar bayan gidan Yayarta. Makon jiya ma Yaya ta bugo waya, don ta ga an zo an ɗebi ruwa a kwalba, ita kuma ta ce mata, "Ku sha abinku, Yaya, ni na duba." Kuma a gaban kowa ta amsa wayar. Wato Mai Akwati ya kasa kunne ya ji, ya zaɓi inda zai fi yi mata ciwo. Kujerarta yake so, ba wani abu ba.

Ta same shi yana shan shayi. "Malam, me ka cusa a littafina?"

"Ko harafi ban taɓa ba, Malama."

"To zo ka gani."

Ta kai shi teburinta, ta danna gidan ƙarshe. Rahoto ya fito tas, ba jan layi ko ɗaya. Ta harɗe hannu tana yi masa kallon sama da ƙasa.

Ya ce, "Yaushe rabonki da kashe kwamfutar nan?"

"Kashewa? Aikin banza. Sati uku ke nan tana kunne, ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"Share abin da ta riƙe a ƙwaƙwalwa, ki fara daga sama."

Ahaf! Ga tarkon ya fito fili. Amma ita ba yarinya ba ce. Ta ɗauki hoton allon da wayarta, ta zare igiyar intanet ta jefa cikin aljihun tebur, ta ce ya koma bakin ƙofa ya sa hannuwansa a aljihu. Ya koma, har yanzu da murmushin nan mai ban haushi. Ta share, ta fara daga gidan farko, ɗaya bayan ɗaya, da yatsanta.

Jan layi ya fito a kan ta goma sha tara.

Ta sake. Ya sake fitowa. Ta jawo hoton da ta ɗauka yanzu-yanzu, ta ƙirga layukan tsohon rahotonta da farce. Talatin da tara. "Arba'in" ɗin da ke sama ita ta rubuta shi da hannunta.

Nan ta tuna. Ranar da sakamakon ya iso, adadin dalmar da ke rijiya ta goma sha tara ya yi mata yawa, ta ce injin gwaji ne ya rikice. Ta rubuta layi ɗaya don a ajiye rijiyar gefe har a sake gwadawa. Aka kira taro, ta manta. Daga baya tana gyara littafin ya yi kyau, ta goge layin. Layin ya tafi, amma kwamfutar da ba a kashe ba ta ci gaba da riƙe jerin da babu rijiyar a ciki.

Kunya ta kama ta, tsoro ya biyo baya ya fi kunyar ƙarfi. Mai Akwati ya daina murmushi. "Malama, lafiya?"

Ta ɗauki wayarta. Ta lalubo lambar Yaya.

"Ƙanwata ta kaina! Yau an tuna da mu?"

"Yaya, ruwan rijiyar nan..."

"Ai tun da kika ce a sha, na daina aika a sayo na waje. Har maƙwabta na gaya wa. Yanzun nan na dama wa jaririyata madara da shi, ga ta nan tana sha."