Majanyin Fibi

Shekara ashirin da uku da auren Yabo da Fibi, har yau sunansa Yabo. Sa'o'insa duk sun koma Baban wane da Baban wance. Ko a majami'a in Fasto yana kiran dattawa, sai ya jero Baban Abraham, Baban Raudatu, in ya zo kansa ya ɗan gyara murya ya ce Malam Yabo.

Manomi ne a wani ƙauye bayan Danja, masara da dawa, da ɗan tumatir a fadama in rani ya yi. Asibiti sun je a Funtuwa, sun je a Malumfashi, har Zariya. Aka ɗebi jini, aka haska ciki, aka ce su ƙara haƙuri. Azumi sun yi, addu'a kuwa ba a magana. Bana Fibi ta cika arba'in da huɗu, kuma manomi ya san in ruwa ya kusa ɗaukewa, shuka ta ƙare.

Yana da baffa, Sada, ƙanen mahaifinsa. Shi kaɗai a zuriyar bai zama Kirista ba, bai musulunta ba, yana nan kan tsafin kakanni. Wata rana da hantsi Yabo ya zo wucewa da fartanya, tsohon yana tufka igiya a gindin rumbu.

"Kai, ɗan majami'a, zo nan."

Yabo ya durƙusa. "Baffa, an tashi lafiya?"

"Lafiya ta ina, gidanka tsit kamar maƙabarta? Ubanka ya bi masu littafi, ya bar tsamiyar gidanmu da ƙishirwa. Shi ya riga ya haife ku, sai abin ya faɗo kanka. Ka kawo jan zakara, da sabon majanyi wanda bai taɓa goya ɗa ba. In yanka a gindin tsamiya, in ɗiga jinin a majanyin, matarka ta kwana a kai. Shi ke nan."

"Baffa, ni an yi mini baftisma."

"Ruwa ne, ya bushe tun tuni. Shekara ashirin da uku kana buga ƙofa ɗaya. Ko jaki ya san ya canja hanya."

Ba yau tsohon ya fara wannan magana ba, kullum Yabo cewa yake a'a tun kafin ta kai ƙarshe. Ran nan ya saurara har ƙarshe. Ranar kasuwar Danja ya dawo da jan zakara rataye a babur, ya ɗaure shi a turken akuya.

Fibi tana tankaɗe ta ɗago kai. "Maigida, baƙi za mu yi?"

"Na iri ne."

"Wanda muke da shi ya yi ritaya?"



Majanyi kuwa yana ganin akwai shi a gida. Marigayiya mahaifiyarsa ta ba Fibi na saƙi ranar da aka kawo ta, ya kuma ga lokacin da ta ninke shi ta sa a ƙasan akwatin ƙarfe. Ya jira ranar Alhamis ta tafi taron Zumuntar Mata a majami'a, ya shiga ɗakinta ya buɗe akwatin.

Bai sha wahalar nema ba, a sama yake. Sai dai ba yadda ya san shi yake ba. Shuɗin ya koɗe, gezar ta zube, tsakiyarsa ta yi laushi har an yi mata faci da wani ƙyalle. Ya kai hanci ya ji sabulu da hodar jarirai. Nan ya zauna a bakin gado da abin a hannu har ta dawo.

Ta tsaya a ƙofa, ta dubi akwatin, ta dube shi.

"Wa ya cinye wannan?" ya ce.

"Yara."

"Yaran wa? Inna don ɗanmu ta ba ki!"

"Don goyo ta ba ni." Ta ajiye littafin waƙoƙinta ta zauna a ƙasa. "Shekara bakwai yana ƙasan akwati, kullum in buɗe in duba in rufe. Sai Susana maƙwabciyarmu ta kwanta ciwo bayan haihuwa, jaririn yana tsala ihu ba mai ɗauka. Na zo na ɗauko shi. Tun daga nan duk macen da ta haihu a ikkilisiyar nan, ɗanta ya hau bayana. Ɗan Susanar nan yanzu ya fi ka tsawo."

"Ni ban taɓa gani ba."

"Ina za ka gani? Ranar suna tun asuba ka gudu gona. A majami'a kuma ba ka duban ɓangaren mata, kamar an ajiye wuta a can."

Gaskiya ce. Can ya ce, "Kin haƙura ke nan. Kin daina roƙo."

"Ko jiya na roƙa. Duk ran da na ɗaure ɗan wata, sai in ce, Ubangiji, ka ga dai bayan nan ya iya. Da yamma in kwance in mayar wa uwarsa, bayana ya yi sanyi har gida. Kana zaton ba na ji?"

A tsakar gida zakaran ya yi cara.

"Na san inda zakaran nan za shi," ta ce. "Sabon majanyi yana nan a kasuwa, ba wuya. Amma ni ba zan kwana a kan jini ba, Maigida. In an ba ni, ina so in san wanda zan gode wa."

Kasuwa ta zagayo, Yabo ya je Danja ya sayo sabon majanyi. A kan hanyar dawowa Baffa Sada ya hango majanyin a leda, ya washe baki.

"Yauwa, ɗan ɗan'uwana ya yi hankali. Je ka kawo zakaran."

Yabo ya kashe babur. Ya daɗe yana kallon tsamiyar da ke bayan gidan tsohon.

"Ba zan kawo ba, Baffa."

"To, ka mutu ba magaji!"

"Mai yiwuwa ne."

"Me Allahn naka ya ba ka?"

"Har yanzu bai ba ni ba. Amma ƙofar da na sani ke nan."

A gida ya yanke igiyar zakaran ya kora shi cikin kaji, ya miƙa wa Fibi ledar. Ta buɗe, fuskarta ta canja.

"Wannan fa?"

"A ƙasan akwati za ki sa shi. Wancan tsohon ki ci gaba da aikinki da shi. Wannan na ɗanmu ne, kada ki ba kowa aro."

Ta ninke shi a hankali, kamar yadda ta ninke na farko.

Ranar Lahadi ana waƙar buɗe sujada, Yabo ya juya ya dubi ɓangaren mata. Ga Fibi a layi na uku tana rangaji, da jaririn da bai san ko na wa ba ne a bayanta. Ƙafa ɗaya ta leƙo ta ƙarƙashin tsohon majanyin, ba ta fi babban yatsansa ba. Ya san waƙar tun yana yaro, amma ya kasa bi. Ƙafar yake kallo har aka ce a zauna.